Ranar da Mai Guga Ya Shanya Hannuwansa

Da a ce cika baki sana'a ce, da Mai Guga ya daɗe da ajiye dutsen guga. A duk layin shagunan nan babu wanda bai san labarin hancinsa ba, domin shi da kansa yake bayarwa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya ce idan aka kawo masa ƙullin wanki, kafin ya kwance ya san mai rigar, ya san abin da ya ci, ya san ko matarsa tana fushi da shi. Ya ce ya taɓa sansano ruwan sama tun yana hanya, ya kwashe shanya ana yi masa dariya. Da Mai Aski ya tuna masa cewa ruwan bai sauka ba sai bayan mako uku, sai ya ce, “To, ya sauka ko bai sauka ba?”

Shagonsa ɗan mitsitsi ne: tebur ɗaya, baho biyu, igiya uku, da ƙofar da mai ƙiba sai ya karkace zai shiga. A damansa Mai Aski, a hagunsa Baba mai gyaran takalmi. A tsallaken titi kuma, daidai inda idonsa ke sauka in ya ɗago daga guga, akwai shagon turare, da yarinyar da ke tsaronsa.

Wata bakwai ke nan Mai Guga yana wanke labulen shagon turaren kyauta duk ranar Laraba. Labulen bai taɓa yin datti ba, wanki ne ma ya sa har ana hango rana ta jikinsa. Amma in ya je karɓa takan ce, “Sannu da aiki,” in ya mayar ta ce, “An gode.” Kalma biyar a mako, da su yake rayuwa. Burinsa kuwa bai taka kara ya karya ba: wata rana in ta rufe shago ya raka ta tashar mota, tafiyar minti goma. Har ya tsara abin da zai faɗa a gindin kowane turken lantarki. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, sai ga shi ya kasa furta wannan guda ɗaya.

Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne me take yi a bayan labulen. Kowa a layin ya san a nan take zama da 'yan kwalabenta da sirinji tana haɗa turare da hannunta. Shi kaɗai bai sani ba, don ba a jin labari da baki a buɗe.

Wata Laraba ya kawo labule ya tarar tana yi wa wata mata bayani. Akwai wani turare mai tsada na ƙasar waje, wanda kuɗinsa zai sayi keken ɗinki har da zare. Sunansa ya gagari harshen kowa a layin, don haka ake ce masa Baƙar Kwalba. Ita kuma tana sayar da kwaikwayonsa a wata 'yar kwalba marar ado, ana ce masa Ƙanen Baƙar Kwalba.

“Ban ce miki ɗaya suke ba,” in ji Mai Turare, “amma a layin nan ban ga wanda ya taɓa raba su ba.”

Mai Guga ya yi gyaran murya. “Ranki ya daɗe, ai ba ki tambaye ni ba ne.”

Ta juyo. Yau ce rana ta farko da ta dube shi fiye da ƙiftawar ido, sai ya ji bakinsa ya kama gudu ba birki. Ya ɗauki 'yar kwalbar, ya kai hanci, ya lumshe ido, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙashi.

“Kayya. Irin waɗannan a duro ake kaɗa su a wani lungu. Wanda ya haɗa wannan ma, daga ji, mura yake yi a ranar.”

“Haka ka ji?”

“Haka hancina ya ce. Ba laifinki ba ne, ke sayarwa kawai kike yi.”

Matar da ta zo saye ta buɗe baki za ta yi magana, Mai Turare ta taɓa mata hannu.

“Malam Mai Guga, a ina ka san na ainihin?”

“Shekara biyu ina wanke rigunan Lauya, babban mai kawo mini wanki. Shi kuwa ba ya fesa komai sai Baƙar Kwalba. Na san turaren nan kamar yunwar cikina. A wuyan riga na karance shi, a hammata na sauke.”

Nan take ya shimfiɗa tsarinsa. Turare, in ji shi, ba a gane shi a minti ɗaya, sai ya wuni. Ranar Asabar da ƙarfe takwas za a fesa masa na ainihi a hannun riga na dama, na kwaikwayo a na hagu. Kafin ƙarfe ɗaya, lokacin da take rufe shago, na dama zai ƙara buɗewa kamar fure, na hagu kuwa zai mutu ya bar gawa. Duk layin zai shaida.

“In ka yi gaskiya me kake so?” ta tambaya.

Duk jawabin da ya tanada na turakun lantarki ya gudu ya bar shi. Da ƙyar ya ce, “Rakiya. Zuwa tasha.”

“To. In kuma ka faɗi, ka bar mini labulena ya huta.”

Sai da ya tsallaka titi ya gane abin da ya sa a caca. Kalma biyar ɗinsa ne kaf.

Ranar Asabar Lauya ya iso da kansa, don mutum ne mai son a kira shi shaida. Dogo ne mai tumbi, ƙamshinsa yakan riga shi shiga wuri ya kuma daɗe bai bi shi fita ba. Ya ajiye fararen riguna biyar a teburin guga, ya ce da sha biyu da rabi zai biyo ya karɓa, akwai liyafar manyan lauyoyi. Sannan ya fito da Baƙar Kwalba daga aljihu da hannu biyu.

Mai Turare ta ce a ba ta ta gani. Ta juya kwalbar, ta dubi gindinta, ta mayar masa. Lauya ya fesa sau ɗaya a hannun dama. Ita ta fesa sau ɗaya a na hagu. Mai Aski ya duba agogo ya ce takwas da minti huɗu.

Mai Guga ya ware hannuwansa biyu kamar ungulu tana shan hantsi.

“Wannan kuma fa?” in ji Baba.

“Kada su haɗu, Baba. In suka gaisa gwaji ya lalace.”

“Har ƙarfe ɗaya?”

“Ai ni na taɓa riƙe bargo jiƙaƙƙe a sama awa shida da igiya ta tsinke.”

“Allah Ya ba da lada,” in ji Baba, ya koma kan takalminsa.

Matsala ta farko ƙofa ce. Mai Guga ya karkace ya shiga shagonsa a kaikaice kamar ƙaguwa. Yana shiga ya ji ƙamshin sabulu, ya fito da baya da sauri. Sabulu zai gurɓata shaida. Tururin guga ma haka. Ya tsaya a waje yana kallon riguna biyar, su ma suna kallonsa.

“Baba, don Allah wani ɗan taimako.”

“Ni ban taɓa guga ba, ɗana. Rigata ma a ƙarƙashin katifa nake sa ta.”

“Ai dutsen guga buroshi ne, zafi kawai ya fi shi. Ni zan riƙa faɗa maka daga nan. Na koya wa mutum tara guga da baki kawai, biyu suna ƙasar waje yanzu.”

Baba ya shiga. Ya ɗaga riga ta farko da yatsunsa goma, waɗanda tun asuba suke cikin baƙin man takalmi. Ya shimfiɗa ta, ya shafa ta da tafin hannu don ta kwanta.

“Baba! Hannunka!”

Baba ya duba hannunsa, ya duba rigar. “Hannuna lafiya lau,” ya ce. “Rigar ce dai.”

“Ajiye ta, ɗauki ta biyu. Wanke hannu tukuna!”

Ta biyu ta fara tafiya daidai, har Mai Guga ya soma gaya wa masu wucewa cewa ga ɗalibinsa na goma. Sai wata mata ta tsaya a rumfar Baba da tsinkakken silifa tana sallama. Baba mutum ne da bai taɓa barin mai ciniki ya jira ba. Ya ajiye dutsen a kwance a gadon bayan rigar, ya fito. Mai Guga yana tsakiyar bayani kan yadda turaren kirki ke da kai da ciki da wutsiya, sai Mai Aski ya leƙo ya ce, “Kai mai hanci, ba ka jin ƙauri?”

“Na ji tun ɗazu. Daga bayan layi ne, wani ke ƙona shara.”

Hayaƙi ya biyo ƙofar shagonsa ya wuce ta gefen kunnensa.

Da aka ɗaga dutsen, hotonsa ya zauna a bayan rigar, ruwan ƙasa, har da 'yan ramukan tururi. Baba ya daɗe yana nazarinsa, sannan ya ce kada a damu, yana da farin man da yake shafa wa takalman 'yan makaranta.

Mai Guga bai tsaya jin ƙarshen maganar ba, don hayaƙi abokin gabar turare ne. Ya ruga neman iska mai tsabta. Gaban mai aski akwai warin man gashi. Gaban Gwaggo mai zare da maɓalli akwai kwata. Can gaba ana suya, can baya injin wuta yana tari. Da ya auna ko'ina da hancinsa, sai ya yanke cewa babu wuri mai adalci kamar tsakiyar titi. Ya je ya tsaya a kan farin layi, hannu a ware, fuska a murtuke.

Motar farko ta tsaya. Ta bayanta ta tsaya. Na ɗaya ɓangaren da suka ga an tsaya, su ma suka tsaya. Kafin minti biyar layin motoci ya kai kwana, kowa yana jira a ba shi hannu. Wani direba ya leƙo ya ce, “Ofisa, mu ne ko su?” Ƙudan zuma ya zagayo hannun Mai Guga na dama, ya karkaɗa shi don ya kore shi, sai motocin dama suka taso. Ƙudan ya koma hagu, ya karkaɗa, na hagu ma suka taso. Suka haɗu a gabansa hanci da hanci, aka kama danna ham.

Jami'in hanya na gaskiya ya iso yana haki, hula a hannu.

“Kai! Wa ya turo ka nan?”

“Yallaɓai, ka zo a daidai. Kai baƙo ne, ba ka da ɓangare. Sansana nan, sannan ka sansana nan.”

Jami'in ya dube shi daga sama har ƙasa. Amma mutum ne mai bin diddigi, sai ya sunkuya ya sansana dama, ya zagaya ya sansana hagu.

“Me ka ji?”

“Na ji mutumin da zai kwana a ofishinmu in bai bar titin nan ba.”

A kan hanyar komawa ƙudan zuman ya yanke shawara ya harbe shi a hannun hagu. Mai Guga ya yi tsalle, amma bai sauke hannu ba. Ya juya wajen jama'ar da ta fara taruwa, ido ya kawo ruwa, ya ce, “Kun gani? Ko dabba ta san na jabu. Haushi ya ba ta.”

“Ai kuwa na dama ta fi daɗewa a kai,” in ji Mai Aski.

“Gaisuwa ta je yi.”

Ƙarfe sha ɗaya aka fara karɓar shaida a gaban shagon aski. Mai Aski ya sansana ya ce shi wallahi duk ɗaya ya ji.

“Kai da ka shekara ashirin kana shaƙar gashin mutane? Hancinka ya yi ritaya ba a gaya maka ba. Gwaggo, bismillah.”

Gwaggo ta gyara tabarau, kamar da ido ake sansanawa. Ta ce na dama yana tuna mata marigayi mijinta.

“Madalla! Na hagu fa?”

“Shi ma shi. Ai mutum ɗaya na aura.”

Mai Guga ya ga in ya bar mutane da hancinsu ba za su ji komai ba, sai ya fara yi musu jagora. “Ku saurara da kyau. Na dama ƙamshin mutumin da bai taɓa gudu don ya kama mota ba ne. Natsuwa gare shi. Yana shigowa a hankali, ya zauna, ya harɗe ƙafa. Wanda ya haɗa shi ya san zuciyar ɗan Adam, hannunsa ya cancanci zoben zinariya. Na hagu kuwa, ku ji shi, ƙamshin wanda ya ari takalmi ya je biki ne. Sai rawar kai, sai waige.”

Abin mamaki, da aka faɗa sai aka fara ji. Wani mai gyaran waya ya ce lallai na dama ya fi nauyi. Wani ɗan acaɓa ya ce shi na hagun ya fi yi masa, talaka ma mutum ne. Kafin sha biyu layin ya rabu gida biyu, 'Yan Dama da 'Yan Hagu, ana nuna wa juna yatsa. Wasu abokai biyu da suka zo aski tare suka tafi kowa da hanyarsa. Duk wanda ya zo wucewa sai an jawo shi an kai hancinsa ga hannun riga, har bakin hannayen suka yi laushi da numfashin jama'a.

A tsallake, Mai Turare tana zaune a bakin shagonta, ta tallafe haɓa tana kallo. Duk sanda Mai Guga ya hango ta sai ya ƙara ɗaga murya.

Hannuwan ne dai suka fara cin amanarsa. Suka soma sauka kaɗan-kaɗan kamar reshen da aka ɗora wa kaya. Gumi ya jiƙa masa baya.

“Labarin bargon nan fa?” in ji Baba daga cikin shagon guga, inda har yanzu yake fama da riguna.

“Ranar na karya kumallo.”

Mai Aski, wanda duk da musunsa mutum ne mai tausayi, ya kawo sandar tsintsiya da ta abin goge ƙasa. Aka kwance igiyar shanya ɗaya. Aka tokare kowace sanda daga ɗamararsa zuwa gwiwar hannu, aka ɗaure tam. Gwaggo ta ja da baya ta duba aikin, ta ce da za a kai shi gona, tsuntsu ko ɗaya ba zai sauka ba.

A haka motar Lauya ta same shi, sha biyu da rabi daidai. Matar Lauya tana gidan gaba, ta sha ado, tana duba agogo. Lauya ya fito don karɓar riguna, amma da ya ga taro yana jiran hukunci, sai ya manta da liyafa. Ya maƙale hannu ɗaya a baya, ya sunkuya ya sansana dama, ya yi murmushi kamar ya ga ɗansa na fari. Ya sansana hagu, ya ja da baya yana fifita hanci.

“Jama'a,” ya ce, “a gabanmu akwai mai gida da ɓarawon da ya sa rigar mai gida. Ba sai an kira wani shaida ba. Shekara nawa ina fesa wannan turare? Na dama jinina ne. Na hagu kuwa, in aka fesa mini shi ina barci, sai na farka na shigar da ƙara.”

'Yan Dama suka ɗauki tafi. Mai Guga ya so ya ɗaga hannu don murna, sai ya tuna a ɗage suke. Ya dubi tsallaken titi. Minti goma zuwa tasha. Turken farko ma ya tuna abin da zai ce.

Aka danna ham. Lauya bai ji ba, ya shiga bayani kan ƙasar da ake noman furen. Aka sake dannawa. Ya shiga tarihin kwalbar. Sai aka ji ƙofar mota ta buɗe, ƙarar takalmi mai tsini ta ratso taron.

“Yallaɓai, mun makara,” in ji matarsa.

“Minti biyu, ina kammalawa ne.”

“Bari in kammala maka. Kwalbar taka ce. Abin da ke ciki na yarinyar can ne.”

Almakashin Mai Aski ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

“Na ainihin tun bikin ƙanwarka ya ƙare, da ka bi duk wanda ya gaishe ka kana fesa masa. Kai kuma ba fesa turare kake yi ba, wanka kake yi da shi. Na ga in aka biye maka sai mun sayar da firji. Shekara biyu da wata uku ke nan, duk ƙarshen wata nake kawo mata kwalbar tana cikawa. Ita take haɗawa da hannunta a bayan labulen can. Duba gindin, za ka ga ɗigon jan farce da take sawa don kada ta ruɗe da ta wasu.”

“Ta wasu?” in ji Lauya a hankali.

“Rabin teburin da za ka zauna yau.”

Lauya ya fito da kwalbar ya juya ta. Ya daɗe yana kallon gindinta. “Amma babban alƙali da kansa ya yaba…”

“To sai ka kwatanta masa shagon.”

Mai Aski ya ɗaga yatsu yana lissafi a fili, don kowa ya amfana. “Shekara biyu da wata uku. Kai kuma shekara biyu kana wanke rigunansa. Ashe kai ba ka taɓa jin na ainihin ba ko sau ɗaya a rayuwarka.”

“Tun farko na ji kamar akwai dangantaka a tsakaninsu,” in ji Mai Guga, muryarsa ta koma siririya. “Na so in gwada ku ne.”

“Allah Ya isa tsakanina da kai,” in ji mai gyaran waya. “Na ɓata da aminina a kan hannu ɗaya.”

A daidai nan Baba ya fito daga shagon guga da riguna a rataye a kafaɗa, fuskarsa cike da gamsuwar wanda ya gama aiki. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko mai yatsu goma. Ta biyu da ta uku masu hoton dutsen guga, an bi su da farin man takalmi, sun bushe sun yi ƙarau kamar kwali. Ta huɗu babu abin da ya same ta sai maɓallai da suka narke. Ta biyar kuwa, ganin wuyanta yana lanƙwashewa, Baba ya sa mata 'yar fata a ciki ya ɗinke da zaren takalmi.

“Wannan,” in ji Baba, “har jikokinka.”

Lauya ya buɗe baki. Mutumin da ya yi shekaru yana cin abinci da magana, yau ya nema ya rasa. Matarsa ta karɓi rigunan ta jefa bayan mota, ta tura shi ciki, ta ce wa Mai Guga za su yi magana ranar Litinin, kuma ya fara neman lauya, amma ba wannan ba.

Taro ya watse kamar an yi ruwa. 'Yan Dama da 'Yan Hagu suka tafi tare suna zagin mutum ɗaya. Mai Aski ya shige ya ja ƙofa, Baba ya koma rumfarsa, Gwaggo ta ce ita ba ta iya kwance ƙullin maza ba. Aka bar Mai Guga a tsaye a rana, a tokare, hannun hagu ya kumbura.

Yana kallo Mai Turare ta shigar da kujerarta, ta ja ƙofa, ta sa kwaɗo. Ta rataya jaka. Tasha tana hannun dama, sai ya ga ta tsallako titi. Ya so ƙasa ta tsage, amma ko ta tsage sandunan ba za su bari ya shige ba.

Ta tsaya a gabansa. “Mai murar nan da ka ce,” ta ce, “ni ce.”

“Allah Ya ƙara sauƙi,” in ji shi, don abin da ya fara zuwa bakinsa ke nan.

Ta kau da kai, kafaɗarta ta ɗan motsa. Da ta juyo fuskarta ta koma daidai.

“Ka faɗi, Malam Mai Guga.”

“Na faɗi, ranki ya daɗe.”

“Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tun safe hannun nan na hagu yake zagina. Na dama kuma yana yabona, yabon da tunda na fara haɗa turare ba a taɓa yi mini irinsa ba. Wai na san zuciyar ɗan Adam. Wai zoben zinariya.” Ta sa yatsu ta fara kwance igiyar dama a hankali, ba ta dube shi ba. “Ban ga dalilin da zai sa laifin wani ya shafi wani ba.”

Sandar ta faɗi. Hannun ya sauko kamar ba nasa ba. Ta rataya masa jakarta a kai.

“Wannan zai iya raka ni.”

“Ɗayan fa?”

“Ɗayan ba na magana da shi.”

“Ranki ya daɗe, ai a haɗe suke.”

“Wannan kuma matsalarku ce ta cikin gida.”

Suka kama hanya, ita a damansa, hannun hagu a miƙe ta wajen titi da sandar goge ƙasa a ƙarƙashinsa. Ba su yi taku ashirin ba wata motar haya ta ga hannu a miƙe, ta ci birki a gabansu. Direba ya leƙo. “Ku biyu ne? Akwai wuri.”

Gaban Mai Guga ya faɗi. Motar unguwar su Mai Turare ce, ya san ta, ya sha ganin yarinyar tana shiga irinta. Ya dube ta.

Mai Turare ta dubi motar, ta dubi sauran hanyar da ta rage.

“Ka je kawai,” ta ce wa direban. “Ba mu kai tasha ba tukuna.”

Mota huɗu hannun nan ya tsayar kafin su isa. Duka huɗun ita ta sallame su.